Hannun da ba ya firgita ɓera

A Suleja ɓera ba shi da mai ceto. Ka shiga kasuwar IBB ko ka tsaya a tashar mota, ba za ka daɗe ba sai ka ji mai tallar maganin ɓera yana cika baki da cewa nasa ba ya barin ko jika. Shi ya sa ranar da 'yar ƙanwata, wadda ke digiri na biyu a Zariya, ta bugo waya ta ce ba za ta samu zuwa Sallah ba saboda ɓerayenta ba su gama sabawa da ita ba, gidanmu kaf aka kwashe da dariya. Uwarta ta ce, "Yau ga ikon Allah, mun kai ki boko kin koma renon ɓera." Ni ma na yi dariyar, amma maganar ta tsaya mini a rai. Bayan Sallah wata hidima ta kai ni Zariya, na ce bari in leƙa, gani ya kori ji.

Ɗakin dabbobin yana can bayan gini, nesa da hayaniyar ɗalibai. Warin dusar katako ne ya fara tarbata. Kafin in sa ƙafa ciki, wani dattijo mai farar riga, wanda kowa ke kira Baba, ya ɗaga mini hannu.

"Alhaji, ku yi haƙuri, ku tsaya daga nan bakin ƙofa. Turaren nan naku zai tayar musu da hankali."

Na tsaya ina kallo. Ya buɗe keji, ya sa hannu ciki, bai kama komai ba. Ya bar hannun kwance a kan dusar. Wani farin ɓera mai jajayen idanu ya matso, ya sunsuna yatsunsa, ya ɗora ƙafafun gaba a kai. Sai a lokacin Baba ya riƙe gindin wutsiyar, ya zura ɗaya hannun ta ƙarƙashin ƙirji, babban yatsa a gindin haɓa, ya miƙar da ɓeran har kai da wuya da ciki suka yi layi ɗaya. Ya ɗauki wata allura mai dunƙulallen baki, marar tsini, ya gwada tsawonta daga bakin ɓeran zuwa haƙarƙarin ƙarshe, sannan ya zura ta ta gefen baki. Bai tura ba. Ya jira ɓeran ya haɗiya da kansa, allurar ta bi ta sauka. Ya danna sirinjin, ya zare, ya mayar da shi keji. Ɓeran ya koma yana wanke fuska kamar ba a yi komai ba. Duk abin bai kai ƙiftawa goma ba.

'Yar tawa ta raɗa mini, "Kawu, ƙofar iska da ƙofar abinci a jere suke. In hannu ya karkace kaɗan, ruwan huhu zai shiga, shi ke nan an yi asarar ɓera."

Na ɗauka gwanintar ke nan, kada a kashe ɓera da kuskure. Ashe wannan ƙaramin ɓangare ne. Babban abin shi ne, abin da suke son aunawa, wato motsin tumbi, yana guduwa da zarar ɓera ya tsorata. Mai hannun da ke firgita dabba, komai tsadar na'urarsa, tsoron da ya jefa wa ɓeran yake aunawa, yana zaton aikin magani yake gani.

Bahaushe ya san wannan tun kafin a gina ɗakin gwaji. Mukan ce cikin wane ya ɗuri ruwa, ko hantar cikinsa ta kaɗa. Wanda aka yi wa rasuwa a kawo masa tuwo ya ce ba ya shiga. Ɗalibi ranar jarrabawa ya kasa karyawa, amma ya zaga bayan gida sau uku. Abin da ya rage shi ne a nuna ta wace hanya saƙon ke sauka daga kai zuwa ciki, kuma wane ne ɗan aiken.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ganin abin da idonsu wani ɗalibin likitanci ne a jami'ar Harvard ta Amurka, Walter Cannon. Ba a daɗe da gano hasken da ke ratsa jiki ya nuna ƙashi ba, a 1895, sai ya riƙa gauraya abincin kyanwa da wani gari da hasken ba ya ratsawa, ya zauna yana kallon inuwar tumbi tana matsewa tana saki. Ya buga sakamakon a 1898. A ciki ya lura cewa da zarar kyanwa ta fusata ko ta firgita, motsin sai ya tsaya cak, in ya shafa ta ta kwantar da hankali, sai ya dawo. Da na karanta wannan, hannun Baba a kan dusar katako na tuna.

Tumbi yana da nasa kiɗan. A bangonsa akwai wasu ƙwayoyi da ke buga ganga ba dare ba rana: a mutum sau uku a minti ɗaya, a ɓera kusan sau biyar. Ƙwaƙwalwa ba ita ke kiɗan ba, amma ita ke cewa a ƙara wuta ko a sassauta. Hanyar saƙonta wata doguwar jijiya ce da ta fito daga ƙeya, ta bi wuya, ta ratsa ƙirji, ta bazu a kan tumbi da hanji. Sunanta a Latin yana nufin mai yawo, kuma ta ci sunan. Abin mamaki, kusan kashi 80 cikin 100 na zarurrukanta saƙo suke kaiwa sama, daga ciki zuwa kai. Wato ciki ya fi kai yawan magana. Can a ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ta haɗu da laka, akwai wasu 'yan gungun ƙwayoyi biyu maƙwabtan juna, ɗaya yana karɓar rahoton ciki, ɗayan yana mayar da umarni. A nan ne sinadaran ƙwaƙwalwa ke zuwa su sa baki.

Na farkonsu ana kiran sa TRH. Ɗan mitsitsi ne, tubali uku kacal aka gina shi da su. Roger Guillemin da Andrew Schally, waɗanda suka shafe shekaru suna kishin juna, su suka tantance shi a 1969, bayan an niƙa ƙwaƙwalen tumaki da aladu dubbai ɗaruruwa don a tatso abin da bai kai ƙwayar gero ba. Sun samu kyautar Nobel a 1977. An san shi a matsayin mai ba da umarni ga halittar da ke gaban wuya, wadda in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Ba wanda ya kawo tumbi a lissafi. Sai a 1980 wata masaniya 'yar asalin Faransa, Yvette Taché, da abokan aikinta a cibiyar Salk ta Kalifoniya suka ɗiga shi cikin ruwan ƙwaƙwalwar ɓera, sai tumbi ya hau tsiyayar da ruwan tsami. Bincike na gaba ya nuna yana kuma sa tumbin matsawa da ƙarfi, abinci ya wuce da sauri.

Yadda suka kafa hujjar shi ne ya fi burge ni. Suka zuba irin wannan ɗan adadin a cikin jini, shiru. Suka zuba a ƙwaƙwalwa, tumbi ya amsa. Suka yanke jijiya mai yawo, suka sake zubawa a ƙwaƙwalwa, shiru. Alƙalin da aka kawo wa shaidu uku irin waɗannan ba zai ɗage zama ba. Daga baya aka gano cewa sanyi yana tayar da wannan sinadari a ƙeya: ɓeran da aka tsare cikin tsananin sanyi na wasu sa'o'i, bangon tumbinsa yakan yi miki, in kuwa aka toshe TRH a ƙwaƙwalwarsa, mikin ya ragu.

Na biyu kishiyarsa ne. CRF sunansa, mai tubali 41, Wylie Vale da mutanensa suka gano shi a 1981, shi ma daga ƙwaƙwalwar tumaki. Shi ne mai buga kugen tashin hankali a jiki. In aka sa shi a ƙwaƙwalwar ɓera, tumbi sai ya riƙe abinci ya ƙi saki, amma babban hanji sai ya hau sauri, ɓeran ya yi ta kashi. Ga ɗalibinmu na ranar jarrabawa nan cif: sama ta rufe, ƙasa ta buɗe. An kuma nuna cewa in aka riga aka toshe kafar da sinadarin ke shiga, sannan aka takura wa ɓera, tumbinsa yakan ci gaba da aiki kusan kamar ba abin da ya faru.

Na ukun kowace ungozoma ta san shi, domin shi ne allurar naƙuda, oksitosin, wanda kuma ke saukar da ruwan nono. Labarinsa a nan yana da ɗan ruɗani, kuma ruɗanin ne ke nuna wahalar aikin. A 1987 Richard Rogers da Gerlinda Hermann sun ɗiga shi kai tsaye a kan gungun ƙwayoyin ƙeya na ɓeran da aka sumar, sai motsin tumbi ya ragu. Amma a wajen 2010 ayarin Toku Takahashi a birnin Milwaukee suka zo da wani abu. Suka riƙa tsare ɓera a wuri mai ƙunci minti 90 kullum. Ranar farko tumbi ya riƙe abinci, kamar yadda aka zata. Zuwa rana ta biyar ya koma daidai, ɓeran ya saba. Da suka duba ƙwaƙwalwa, sai ga oksitosin ya ƙaru, CRF ya ragu. Da suka toshe oksitosin, sabon ya ɓace. Sinadari ɗaya ne, amma abin da yake yi ya danganta da wurin da ya sauka da halin da dabbar ke ciki. Sun kuma ga cewa in kullum aka canza wa ɓera salon wahala, yau sanyi, gobe ƙunci, jibi ruwa, ba ya sabawa, tumbinsa ya ci gaba da riƙewa. Duk wanda ke fita Suleja da asuba zuwa aiki Abuja, bai san ko yau cunkoson Madalla ne zai tare shi ko na Zuba ko kuɗin mota ne ya tashi, zai ji wannan sakamakon ya yi masa kama da wani abu. Amma kada mu yi gaggawa, ɓera ba mutum ba ne.

To, yaya ake kai ɗigon magani daidai wani wuri a cikin ƙwaƙwalwar da nauyinta bai wuce giram biyu ba? Akwai wata na'ura ta ƙarfe da Victor Horsley da Robert Clarke suka ƙera asalinta a 1908. Ana sumar da ɓera, a kafa kansa da sanduna biyu a kunnuwa da maƙali ɗaya a haƙoran gaba, har sai kan ya daina ko da ɗan girgiza. Masu aikin sun ce saka sandunan kunnen nan shi ne abin da ya fi ba sabon shiga wuya, domin ba da ido ake yi ba, da jin yatsa ne. A tsaga fata, a goge ƙoƙon kai, a nemi wata mahaɗa inda ɗinkin ƙasusuwa ya gamu, ita ce mafarin awo. Sai a buɗe littafin taswirar ƙwaƙwalwar ɓera da George Paxinos da Charles Watson suka fitar a 1982, wanda har yau shi ne jagora. In ramin ruwan ƙwaƙwalwa ake nema, sai a ja baya daga mahaɗar ƙasa da milimita ɗaya, a matsa gefe milimita ɗaya da rabi, a huda, a sauka kamar milimita uku da rabi. A kafa siririn bututu, a liƙe shi da simintin likitan haƙori, a ɗinke. Sannan a bar ɓera ya warke, mako guda, kullum ana ɗaukarsa ana shafawa, don ranar gwaji kada ya ga hannu a matsayin baƙo.

Adadin da ake zubawa abin a riƙe baki ne. In a ramin ruwa ne, kamar kashi ɗaya cikin goma na ɗigon ruwa. In a kan gungun ƙwayoyin ƙeya ne, kashi ɗaya cikin dubu na ɗigo, ta bakin gilashin da aka ja ya sirance kamar gashi. Akwai wata dabara ta tabbatar da cewa bututun ya faɗa daidai: a ɗiga wani sinadari mai jawo ƙishirwa. In ɓeran da ya ƙoshi da ruwa ya ruga ya kafa baki a kwalba, an dace. A ƙarshen gwaji kuma a zuba tawada ta bututun, a yanka ƙwaƙwalwar fale-fale, a duba inda ta sauka. Duk ɓeran da tawadarsa ta kauce, a cire shi daga lissafi, ko da sakamakonsa shi ya fi yi wa mai bincike daɗi. Wannan ƙa'idar ta fi na'urar ƙarfen daraja a wurina.

Awon motsin tumbi da hanji kansa yana da hanyoyi. Wasu kan ɗinka wani ɗan faifai a bayan tumbi, mai jin matsi, yana aika layi mai hawa da sauka zuwa kwamfuta. Wasu kan ba ɓera ɗan kunu mai jan launi da ba ya shiga jini, bayan minti 20 a ɗaure ƙofofin tumbin biyu, a cire shi, a auna yawan launin da ya rage. Wanda aka fi yi a ɗakunan gwajinmu, a Zariya da Kano da Sakkwato, shi ne na gawayi. Kayan aikin har dariya suka ba ni, domin kowace tsohuwa a Suleja ta san su: garin gawayi da ƙaro, shigen haɗin da almajiri ke yin tawada da shi. A dama, a ɗura wa ɓera, a jira rabin sa'a. Sannan a fito da ƙaramin hanji, wanda tsawonsa kan kai kusan mita ɗaya, a shimfiɗa a kan farar takarda mai laima, a auna inda baƙin ya kai. Na ga Baba yana shimfiɗa shi. Hanji abu ne mai miƙewa, in ka ja shi kaɗan ka ƙara masa tsawo, lissafi ya lalace. Shi ya sa yake kwantar da shi da bayan yatsa, kamar mai shimfiɗa zaren da bai bushe ba.

Wannan aiki ya shafi garinmu fiye da yadda muka sani. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, tana Idu, nan kusa da mu, kuma ita ce ta samar da Niprisan, maganin amosanin jini da aka haɗa daga tsirrai. Duk wanda ya saba karanta takardun binciken da ke fitowa daga can zai riƙa cin karo da sunan Suleja, har da Chaza, a matsayin inda aka samo ganye ko saiwa ko ɓawon da aka gwada. Abin da mai magani ya ce yana tsayar da gudawa ko yana kwantar da murɗar ciki, a can ake jiƙa shi, a tace, a ba ɓera, a ɗura masa man zurma don ya tayar da zawo, a ga ko da gaske ne. Hannu irin na Baba shi ke tsakanin maganar mai magani da hukuncin da za a rubuta.

Ɓera kuma yana da nasa halaye da dole a sani. Da dare yake cin abinci, don haka gwajin safe da na yamma ba ɗaya ba ne. In za a hana shi abinci kafin gwaji, sai a sa shi a keji mai ragar ƙarfe a ƙasa, in ba haka ba zai ci kashinsa da dusar katako, ka buɗe tumbi ka tarar da shi cike. Ba shi da matsarmama. Sannan ba ya iya amai, ko kaɗan. To yaya za a san zuciyarsa na tashi? Sai a ajiye masa farar ƙasa. Ɓeran da cikinsa ya ɓaci yakan koma yana cin ta, a auna abin da ya ci. Da na ji haka na tuna mata masu ciki da ke sayen farar ƙasa a ƙulle a leda, na kuma tuna cewa wannan garin, tun yana amsa sunan Abuja, da yumɓu ya yi suna. A nan Michael Cardew ya buɗe makarantar tukwane a farkon shekarun 1950, a nan Ladi Kwali ta shigo a 1954, wadda hotonta ke bayan takardar naira ashirin. An ce mai ginin tukunya yatsunsa ne ke gaya masa kaurin bango kafin ido ya gani. Abin da na gani a hannun Baba ke nan, sai dai shi yumɓunsa yana numfashi, yana kuma iya cizo.

Ba zan ɓoye ba, ƙarshen yawancin ɓerayen nan mutuwa ne, kuma abin ya dame ni. Na tambayi Baba ko shi ba ya damunsa.

"Yana damuna, Alhaji. Shi ya sa ba na yarda yaro ya taɓa su sai ya iya. Wanda bai iya ba zai kashe talatin bai samu amsa ba. Wanda ya iya, goma sha biyu sun ishe shi."

Ban sani ba ko ya taɓa jin sunan William Russell da Rex Burch, Turawan Ingila biyu da suka shimfiɗa ƙa'idojin tausaya wa dabbar gwaji a 1959: in akwai abin da zai maye gurbinta a yi amfani da shi, a rage yawanta, a sassauta mata wahala. Abin da ya faɗa mini dai bai saɓa da nasu ba. Na lura kuma ba ya ɗaukar ɓera sai ya yi bisimilla.

Wani zai ce duk wannan wahala don me, tunda yanzu an san yawancin gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce ke jawo shi, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka samu Nobel a kanta a 2005, ba tunani kawai ba. Gaskiya ne, kuma mai olsa asibiti ya kamata ya nufa a gwada shi. Amma asibitocinmu cike suke da masu kumburin ciki da ƙoshi da wuri waɗanda aka leƙa tumbinsu ba a ga miki ba, da masu ciwon suga da tumbinsu ya yi sanyin aiki, da waɗanda aka yi wa tiyata hanjinsu ya ƙi tashi. Amsar waɗannan tana kan wannan hanya ta tsakanin ƙeya da ciki. Sinadarin yunwa ma, girelin, daga tumbin ɓera Masayasu Kojima da Kenji Kangawa suka tatso shi a Japan a 1999. Alluran rage ƙiba irin su Ozempic, da ake ta magana a kansu yanzu, ɗaya daga cikin ayyukansu shi ne jinkirta fitar abinci daga tumbi, suna kuma taɓa wannan unguwa ta ƙeya.

Kafin in tafi, Baba ya ce wa 'yar tawa ta gwada. Kwana goma sha ɗaya ke nan tana zuwa safe da yamma, ba ta yin komai sai ɗauka da shafawa da canza dusa. Ta wanke hannu da sabulu marar ƙamshi, ta sa shi cikin kejin, ta jira. Ɓeran ya zo, ta ɗauke shi, ta miƙar. Na ga allurar tana ɗan rawa a hannunta. Baba bai ce komai ba, ya dai sa yatsa ɗaya ya ɗaga mata gwiwar hannu kaɗan. Ɓeran ya haɗiya. Da ta mayar da shi, Baba ya leƙa ƙasan kejin da tafin hannunta, ba kashi ko ɗaya, ba fitsari.

"To, gobe ƙarfe bakwai," in ji shi. "Ki cire musu abinci da magariba, ruwa kuwa ki bar musu."